Josephine da Gidan Malmaison

A watan Afrilun 1799, lokacin da Janar Napoleon Bonaparte yake can ƙasar Sham yana fama da ganuwar birnin Akka, matarsa Josephine ta sa hannu a takardar cinikin wani tsohon gida da gonakinsa a garin Rueil, kimanin kilomita 15 yamma da Paris. Sunan gidan Malmaison. Kuɗinsa ya haura faran 300,000, ita kuwa ba ta da su, ko kafin alƙalamin ma sai da ta ranta. Da maigidan ya dawo a watan Oktoba ya tarar da bashi, ya kuma tarar da maganganun da danginsa suka tara masa a kanta, har ya ƙudura sakinta. Bai sake ta ba. Cikin wata guda ya kifar da gwamnati ya zama shugaban Faransa, kuɗin gidan kuma daga aljihunsa suka fito.

Shekara 15 gidan ya yi a hannunta. A cikinsu ta mai da shi wurin da masu zane, masu sassaƙar dutse, makaɗa da masana tsirrai suke samun aiki da abin kai wa bakin salati, ta kuma tara abin da ba kowane sarki a Turai ya mallaka ba. Yawancin masu ba da labarinta zancen soyayya suka fi so: wasiƙun da Napoleon ya yi ta aiko mata daga fagen daga, kishi, kuka, saki. Ni gidan ne ya fi jan hankalina, domin a nan kaɗai take da iko na ƙashin kanta. A fada matar sarki ce, a Malmaison kuwa ita ce mai cewa a yi ko a bari.

An haife ta ranar 23 ga Yunin 1763 a Trois-Îlets, cikin tsibirin Martinique da ke tekun Karibiyan. Cikakken sunanta Marie Josèphe Rose Tascher de La Pagerie, kuma Rose kowa ya san ta da shi har ta haura shekara 30. Napoleon ne ya fara kiranta Josephine. Iyayenta Turawa ne masu gandun rake. Bayi 'yan asalin Afirka ne ke noma raken, su sare, su matse, su dafa sukari. Tana 'yar shekara 3 mahaukaciyar guguwar 1766 ta rushe gidansu, iyalin suka koma zama a saman ginin da ake dafa sukarin, kuma uban bai sake tsai da wani gidan kirki ba. Ta tashi ke nan da sunan manya da aljihu ba nauyi, a hannun kuyangi, a ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama inda kowane kango fure yake yi. Son tsirrai daga nan ta samo shi. Rayuwa a kan gumin bayi ma daga nan ta samo ta, kuma za mu koma ga wannan, domin mutanen tsibirin ba su manta ba.

Auren farko haɗi ne. Gwaggonta da ke Faransa ce ta ƙulla shi, kuma ƙanwarta aka nufa tun farko, sai ƙanwar ta rasu aka sauya da ita. A watan Disambar 1779, tana da shekara 16, aka ɗaura mata aure da Alexandre de Beauharnais, matashin hafsan soja ɗan manyan gida wanda ya riƙa kallonta a matsayin baƙauyiya marar ilimi. Sun haifi Eugène a 1781 da Hortense a 1783, zama ya ƙi daɗi, suka raba gida a 1785. A tsakiyar wannan rikici ta zauna a gidan mata masu ibada na Pentemont a Paris, inda matan manya da aurensu ya sami matsala suke kama ɗaki. A wurinsu ta koyi abin da makaranta ba ta ba ta ba: yadda ake shiga taro, yadda ake sauraron mutum har ya ji shi kaɗai ne a ɗakin, yadda ake neman alfarma ba tare da an zubar da girma ba.

Sai juyin juya halin 1789 ya zo. Alexandre ya yi sama, ya shugabanci majalisar ƙasa a 1791, ya zama janar, sannan aka ɗora masa laifin faɗuwar birnin Mainz a 1793. Aka kama shi, a watan Afrilun 1794 kuma aka kama ta ita ma aka kai ta kurkukun Carmes. Ranar 23 ga Yuli aka fille kan mijin. Kwana huɗu bayan haka Robespierre, jagoran mulkin ta'addancin, ya faɗi, ranar 6 ga Agusta kuma aka sake ta. Fiye da wata uku ta yi tana jin ana kiran sunayen waɗanda za a kai wurin kisa, ba ta san ranar da nata zai fito ba. Duk wanda zai yi mata hukunci a kan yadda ta riƙa ɓarin kuɗi daga baya, ya kamata ya sa wannan a ma'auni. Bai wanke ta ba, amma yana bayyana halin mutumin da ya daina yarda da gobe.

Ta fito bazawara da 'ya'ya biyu da bashi, ta raɓu da sababbin masu mulki irin su Paul Barras, kuma a cikin wannan da'ira ta haɗu da wani siririn janar ɗan tsibirin Corsica. Ranar 9 ga Maris 1796 suka yi aure a ofishin hukuma, tana da shekara 32, shi 26. A takardar auren ita ta rage nata shekarun, shi ya ƙara nasa. Kwana biyu da ɗaurin auren ya wuce yaƙin Italiya.

A Italiyar ne aka fara ganin baiwar da za ta yi suna da ita. A ƙarshen 1796, a birnin Genoa, ta gamu da Antoine-Jean Gros, saurayi ɗan shekara 25, almajirin shahararren mai zane Jacques-Louis David, yana ƙananan zane-zane don ya ci abinci. Ta ɗauke shi zuwa Milan ta gabatar da shi ga mijinta. Abin da ya fito daga wannan haɗuwa shi ne zanen Napoleon a kan gadar Arcole, tuta a hannu ɗaya takobi a ɗaya, gashi a warwatse, siffar da ta fara sa Faransawa su ga janar ɗin a matsayin gwarzo. Gros ya ci gaba ya zama babban mai zanen yaƙe-yaƙen daular. Ita ba ta iya zane ba, ba kuma a san ta da yawan karatu ba. Abin da take da shi ido ne na gane mai fasaha tun duniya ba ta san shi ba, da kuma ƙofar da za ta iya buɗe masa.

Da mulki ya zo hannu aka kira magina biyu, Charles Percier da Pierre Fontaine, su gyara Malmaison. Su suka yi ɗakin shawara mai siffar tantin soja, an lulluɓe bango da rufi da yadi mai ratsi, suka kuma yi ɗakin littattafai na katakon mahogani. Salon da suka gwada a nan, mai kwaikwayon tsohuwar Rum da Girka da Masar, shi ne ya bazu Turai daga baya da sunan salon daula. Tsakanin 1800 da 1802 ministoci kan zo nan a yi zaman gwamnati. Daga nan Napoleon ya koma fadar Saint-Cloud wadda ta fi dacewa da girman da yake nema, ya bar mata gidan.

Lambun ne ainihin aikinta, kuma shi ya cancanci a tsaya a kansa. Al'adar sarakunan Faransa ita ce lambu mai layi-layi, itatuwa a daddatse, kamar na Versailles. Ita ba ta so haka ba. Irin na Ingilishi ta zaɓa, mai lanƙwasassun hanyoyi da rafi da fili, inda shuka take girma yadda ta ga dama, alhali ƙasarta tana yaƙi da Ingila. Ta yi ta sayen filayen maƙwabta har gandun ya kai hekta 726 a lokacin rasuwarta. A 1804 da 1805 aka gina mata babban ɗakin gilashi, tsawonsa kusan mita 50, da murahun da ake hura wa wuta duk tsawon hunturu, domin tsirran ƙasashe masu zafi su rayu a inda ruwa ke daskarewa. Har abarba ake nomawa a gidan.

Tsirran kuwa ba faɗowa suka yi daga sama ba, nemansu ta yi ba ji ba gani. Ta sa a rubuta wa jakadu da matuƙa jiragen ruwa, mahaifiyarta tana aiko mata da iri daga Martinique, ta kuma zama babbar mai sayayya a wurin Lee da Kennedy, masu renon dashe a Hammersmith kusa da Landan. Har ta sa kuɗi tare da su aka ɗauki nauyin James Niven, mai tattara tsirrai a kudancin Afirka. A tsakiyar yaƙi, lokacin da jiragen ƙasashen biyu ke farautar juna a teku, an ba John Kennedy takardar izinin ƙetarawa da kayan shukarta. Da jirgin Géographe na tawagar Nicolas Baudin ya dawo daga Ostireliya a watan Maris 1804, sai da aka yi ja-in-ja tsakaninta da masanan gidan tarihin halittu na Paris a kan rabon abin da ya kawo, kuma ta sami kaso mai tsoka daga abin da tawagar ta kawo: kangaru, tsuntsun emu mai kama da jimina, da wasu baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya waɗanda suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a tafkin Malmaison, abin da ba a taɓa gani a Turai ba. Cikin itatuwan Ostireliya da aka raina a lambun har da zaiti, wanda wasu ke kira turare, itacen nan da yau muke gani a jere a bakin hanyoyinmu. An ƙiyasta cewa nau'in tsirrai kusan 200 ne suka fara yin fure a ƙasar Faransa a cikin wannan lambu.

Masu kuɗi da yawa sun tara abin mamaki sun kulle ƙofa. Inda ta bambanta da su wuri biyu ne. Na farko, tana rabawa: dashe da iri suna fita daga Malmaison zuwa wasu lambunan, musamman na kudu irin na Nice inda sanyi ba shi da tsanani. Na biyu, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci a duk abin da ta yi, ta biya an rubuta kuma an zana. Ta ɗauki masanin tsirrai Étienne-Pierre Ventenat ya siffanta abin da ke lambun dalla-dalla, ta ɗauki Pierre-Joseph Redouté, wanda a dā ya yi wa Sarauniya Marie Antoinette aiki, ya zana su. Littafinsu Jardin de la Malmaison ya fito tsakanin 1803 da 1805 da zane 120. Bayan rasuwar Ventenat a 1808 ta miƙa kula da gandun ga Aimé Bonpland, abokin tafiyar Alexander von Humboldt a dazuzzukan Kudancin Amurka, shi ma ya fitar da nasa littafin a kan tsirran da ba a saba gani ba. A ƙarƙashin inuwarta Redouté ya yi babban aikinsa Les Liliacées, juzu'i 8 da zane 486, daga 1802 zuwa 1816. Aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, domin ana sassaƙa kowane zane a farantin tagulla da ɗigo-ɗigo ƙanana maimakon layi, a buga da launi, sannan a bi da hannu a gyara. Ba mai buga littafin da zai iya ɗaukar wannan nauyi in ba da mai riƙe masa ƙugu ba.

Furen wardi ne aka fi jingina mata a yau. Ana yawan cewa ta tara iri 250, amma ba a bar jerin sunayensu daga zamaninta ba; jerin da ake yawo da shi wani masoyin wardi mai suna Jules Gravereaux ne ya harhaɗa shi kusan shekara 100 bayan rasuwarta. Shahararren littafin Redouté ma na wardi, Les Roses, daga 1817 zuwa 1824 ya fito, tana kabari. Abin da ya tabbata shi ne ta sayi wardi da yawa daga Ingila da kuma wurin masu reno na gida irin su André Dupont, kuma son da ta nuna ya buɗe kasuwar da ta sa Faransa ta zama cibiyar ƙirƙiro sababbin irin wardi a ƙarni na 19. A 1843 wani mai lambu a Lyon, Jean Béluze, ya fitar da irin da ya sa wa suna Souvenir de la Malmaison, har yau ana shuka shi. Furen da ƙasar Chile ta ɗauka a matsayin alamarta kuwa, masana suna kiransa Lapageria, daga sunan gidan ubanta.

Ranar 2 ga Disambar 1804 aka yi bikin naɗin sarauta a majami'ar Notre-Dame, Fafaroma Pius na 7 yana zaune. Kafin ranar ta sanar da Fafaroman cewa aurensu na ofis ne kawai, dole aka ɗaura na coci a asirce a jajibirin bikin. Ta san abin da take yi: shekara 8 da aure ba haihuwa, dangin miji kuma ba su taɓa ƙaunarta ba. Zanen da David ya yi na wannan biki, mai faɗin kusan mita 10 da tsayin mita 6, yana gidan tarihi na Louvre. Bai nuna lokacin da Napoleon ya ɗora wa kansa kambi ba, sai lokacin da ya ɗaga kambin zai ɗora mata, tana durƙushe. Idon mai kallo a kanta yake fara sauka.

Sarauta ta faɗaɗa hannunta. Suturarta ma ta zama harkar gwamnati, domin Napoleon yana so fada ta sa silikin Lyon masaƙa su sami aiki, ita kuma ranta yana kan farin yadi marar nauyi da mayafan Kashmir. Telanta Leroy ya yi arziki, 'yan kasuwar zinariya da lu'ulu'u suka gane ba ta iya cewa a'a, suna ninka mata farashi, bashi yana taruwa, sarki yana faɗa yana biya. A ɓangaren kiɗa, ita ta tsaya wa Gaspare Spontini, baƙo ɗan Italiya, lokacin da masu iko da gidan wasan waƙa na Paris suka ƙi karɓar aikinsa La Vestale. Da aka nuna shi a Disambar 1807 ya zama abin da aka fi yabo a zamanin. Ta sayi ayyukan matasa irin su Fleury Richard na Lyon, masu zana labaran sarakunan dā a ƙananan alluna, ta sayi na mata masu zane irin su Constance Mayer a lokacin da ba a cika ɗaukarsu da muhimmanci ba. Ta ba Antonio Canova, babban mai sassaƙar marmara na Turai a lokacin, aiki bayan aiki. Pierre-Paul Prud'hon kuma ya zana ta a 1805 tana zaune ita kaɗai a kan dutse cikin itatuwan Malmaison, fuska cike da tunani. Magini Louis-Martin Berthault ya ƙara mata dogon zaure mai samun haske ta rufi don rataye ɗaruruwan zanen da ta tara, aka buga kundin sunayensu a 1811.

Sai dai ba duk abin da ke rataye a zauren nan aka saya ba. A 1806, bayan sojan Faransa sun mamaye ƙasar Hesse a Jamus, Janar Lagrange ya gano zane-zanen da mai mulkin Kassel ya ɓoye, aka kwaso su, mafi kyawunsu suka ƙare a Malmaison. A ciki akwai aikin Rembrandt da na Claude Lorrain da na Paulus Potter. Ganima ce, ta karɓa, ba ta mayar ba. Kuɗin da take biyan masu fasaha da su ma daga baitulmalin daular da ke tatsar ƙasashen da ta ci da yaƙi suke fitowa. Mai yabon kyautarta ya san daga ina hannun yake ɗebowa.

Abin da take tsoro ya zo a ƙarshen 1809. Napoleon ya riga ya tabbatar yana haihuwa, domin ya sami ɗa a waje a 1806, kuma yana son magaji daga gidan sarauta. Ranar 15 ga Disamba, a fadar Tuileries, a gaban dangi da manyan gwamnati, aka karanta takardun rabuwa. Ta fara karanta tata, kuka ya ci ƙarfinta, wani ya ƙarasa mata. A 1810 ya auri Marie-Louise, 'yar sarkin Ostiriya, ta haifa masa ɗa a Maris 1811. Josephine ta riƙe laƙabin sarauniya, aka bar mata Malmaison, aka ƙara mata gidan Navarre kusa da Évreux, da faran miliyan 3 a shekara. Ta koma ga lambunta da jikokinta, ba ta kuma daina saye ba. A 1812 ta ba Canova aikin sassaƙa 'yan mata uku a dunƙulen marmara guda, aikin da ba ta rayu ta gani ba.

A bazarar 1814 daular ta rushe, sojojin ƙawance suka shiga Paris, aka tura Napoleon tsibirin Elba. Sarkin Rasha Alexander na 1 ya riƙa kai mata ziyara, ita kuma ta karɓe shi hannu biyu-biyu don ta tsare makomar 'ya'yanta, har ta ba shi kyautar wani tsohon dutse mai daraja da aka sassaƙa fuskoki biyu a kansa, wanda ake kira Gonzaga. A wani fita da suka yi cikin watan Mayu sanyi ya kama ta, ciwon ya sauka a maƙogwaro da ƙirji. Ta rasu a Malmaison ranar 29 ga Mayun 1814, saura 'yan makonni ta cika shekara 51. An binne ta a majami'ar Saint-Pierre-Saint-Paul da ke Rueil. Shekara guda bayan haka, da aka ci Napoleon a Waterloo, a gidan nan ya yi 'yan kwanaki a ƙarshen Yunin 1815 kafin ya kama hanyar da ta kai shi tsibirin Saint Helena.

Watsewar dukiyar ba ta ɗauki lokaci ba. Ta bar bashin da ya kai kusan faran miliyan 3. A 1815 magada suka sayar wa Sarki Alexander zane 38 da sassaƙen Canova 4 a kan faran 940,000, ciki har da ganimar Kassel, shi ya sa wanda yake son ganin zaɓaɓɓun kayan Malmaison a yau sai ya je gidan tarihi na Hermitage a Saint Petersburg. Mutanen Kassel ba su sake ganin nasu ba. Bonpland ya tattara ya tafi Kudancin Amurka. Dabbobin suka watse, tsirran da suka saba da murhu suka mutu da aka daina hura wuta, ɗakin gilashin ma aka rushe shi kafin 1830. Eugène, wanda gidan ya koma hannunsa, ya rasu a 1824, matarsa ta sayar da shi a 1828 ga wani ɗan Suwidin mai harkar banki. A 1842 ya koma hannun Maria Christina, tsohuwar sarauniyar Sifen, a 1861 jikan Josephine, Napoleon na 3, ya saya, yaƙin 1870 ya lalata shi, aka yanyanka filayen aka sayar. A 1896 wani attajiri, Daniel Iffla wanda ake kira Osiris, ya sayi abin da ya saura, ya gyara, ya ba ƙasa kyauta, aka buɗe shi gidan tarihi a farkon ƙarni na 20. Daga hekta 726, abin da ke kewaye da gidan yanzu bai wuce 6 ba.

Littattafan kuwa suna nan. Zanen Redouté yana jikin kalanda da faranti da katin gaisuwa a ƙasashen da ba a taɓa jin sunan Rueil ba, masana tsirrai kuma har yau suna komawa ga siffantawar Ventenat. A 1985, da aka yi gwanjon kwafinta na Les Liliacées mai ɗauke da ainihin zanen hannun Redouté a New York, dala miliyan 5.5 aka saye shi. Kuɗin da ta zuba a kan kwanyar mutane sun fi waɗanda ta zuba a kan lu'ulu'u daɗewa nesa ba kusa ba.

Ta wajen zuriya ma ikon Allah ya nuna kansa. Ɗan da Napoleon ya samu da Marie-Louise ya rasu a Vienna a 1832 yana da shekara 21, bai yi mulki ba, bai bar baya ba. Ɗan Hortense, jikan Josephine, shi ya zama shugaban Faransa a 1848, ya zama Sarki Napoleon na 3 daga 1852 zuwa 1870. 'Yar Eugène mai sunan kakarta ta auri yariman Suwidin a 1823 ta zama sarauniya, wata 'yarsa Amélie ta zama sarauniyar Burazil. Gidajen sarautar Suwidin, Norway, Denmark, Beljiyam da Luxembourg na yau duk suna da jininta.

Jikan nan nata ne yake mulki lokacin da aka kafa mutum-mutuminta na farin marmara a dandalin La Savane da ke Fort-de-France, babban birnin Martinique, a 1859. A nan ne labarin yake komawa gandun rake. Majalisar juyin juya hali ta soke bauta ranar 4 ga Fabrairun 1794, amma dokar ba ta taɓa aiki a Martinique ba, domin Ingila ta mamaye tsibirin a wannan shekarar da goyon bayan masu gandu. Da aka yi sulhu aka mayar wa Faransa tsibirin, Napoleon ya sa hannu a dokar 20 ga Mayun 1802 wadda ta tabbatar da bauta a can, ta kuma halatta ci gaba da fataucin bayi daga Afirka. A Guadeloupe, inda mutane suka shekara 8 da 'yanci, soja aka tura su mai da su kangi. Ranar 28 ga Mayun 1802 Louis Delgrès, hafsa haifaffen Martinique, da mutanensa kimanin 300 suka tayar da albarushin da ke wurinsu a Matouba suka mutu, maimakon su miƙa wuya. A Saint-Domingue yunƙurin ya ci tura, ƙasar ta zama Haiti ranar 1 ga Janairun 1804. Sauran tsibiran sai a 1848 aka 'yanta bayinsu, shekara 46 bayan dokar.

A Martinique an daɗe ana cewa ita ta zuga mijinta don ta kare gandun mahaifiyarta, wadda ta ci gaba da zama a can da bayinta har ta rasu a 1807. Masana tarihi ba su sami takardar da ta tabbatar da haka ba, kuma Napoleon ba mutum ne da mace ke tsara wa siyasa ba. 'Yan kasuwar tashoshin ruwa da masu gandu da jami'an ma'aikatar jiragen ruwa sun ishe shi matsin lamba. A watan Satumbar 1991 wasu suka sare kan mutum-mutumin cikin dare, daga baya aka watsa masa jan fenti, ya shekara kusan 30 a tsaye ba kai. Ranar 26 ga Yulin 2020 masu zanga-zanga suka tumɓuke shi suka farfasa.

Ban ga dalilin ɗora mata dokar da ba ita ta rubuta ba. Amma mace ce da aka sani da roƙon alfarma. Ta sa baki an share sunayen 'ya'yan manyan gida masu yawa daga jerin waɗanda aka hana komowa Faransa, ta yi kuka a gaban mijinta don kada a kashe Duke na Enghien a 1804 ko da yake bai saurare ta ba, ta kuma taimaka aka yafe wa Armand de Polignac hukuncin kisa a wannan shekarar. Ta san hanyar kunnen sarki, ta kuma san bauta da idonta fiye da kowa a fadar. Tarihi bai riƙe mata kalma ɗaya ta adawa da ita ba. Taimakon da ta yi wa masu fasaha da masana gaskiya ne, kuma ta cancanci yabo a kansa; jikokin waɗanda suka sare rake a gandun iyayenta kuwa ba su da wani bashin girmamawa da za su biya ta a dandalin birninsu.